Kunamar Bahago

Jama'a, tun da aka kafa garin nan ba a taɓa zaluntar bawan Allah kamar yadda ake shirin zaluntata ba, ni Bawale. Mutum uku sun tare mini ƙofar gida, kowa na jira in tuɓe masa rigata mai aska takwas, wadda in na saka ranar Juma'a har liman sai ya waiwayo.

A wani kufai na tsinci kunamar tsohuwar bindiga, irin mai ƙanƙara a baki, ba bututu ba ƙota. Na goge ta na rataye a zaure, duk wanda ya shigo in ce masa ta kakana ce. To, mene ne a ciki? Ai ta dace da ni.

Sai ta fara ɗana kanta. Da rana tsaka in ji ƙas, ta ja baya kaɗan, zaure ya cika da warin albarushi. Yatsana manuni ya lanƙwashe ya ƙi miƙewa, wani sanyi ya kama hawa hannuna yana neman ƙirji. Na jefa ta rijiya, matata ta jawo ta a guga, a bushe. Nan na rantse: wanda ya gano mai ita, rigata tasa ce.

Tanimu maƙeri ya kwance ta. Ya ce jikinta ba ƙirar ƙasar nan ba ce, ayari ya ƙetaro da ita hamada tun kafin zuwan Turawa. Amma ƙarfen da ke sakinta gyara ne, kuma sawun magagari ya karkata hagu. Mai ita bahago ne.

Jatau maharbi ya ciro ƙanƙarar, ya lasa, ya ɗaga ta a rana. Ya ce a gindin Dutsen Tunku kaɗai ake fasa wannan jan dutse, kuma maharban can ne ke naɗe shi da fatar damo.

Baba Gambo, makaho mai yi wa maharba kiɗan komo, ko taɓa ta bai yi ba. Da ya ji bayanin su biyun, sai ya kife komonsa. Ya ce cikin kirarin da ya gada akwai wani maharbi bahago na Dutsen Tunku da ya ɗana wa ɓauna bindiga, ɓauna ta riga shi. A al'adar maharba ba a rufe maharbi sai an sauke masa kunama, shi kuwa ba a ga tasa ba. Makahon nan ya shige gaba, ina biye da kunamar a hannu, ya kai mu kabarin bahagon bai yi tuntuɓe ba.

Ya ce, "Bawale, durƙusa ka gaya wa mai kabarin nan ba ta kakanka ba ce."

Na gaya masa, har da gaisuwa. Kunama ta sauka da kanta, tartsatsi ya tashi, muka ji an saki dogon numfashi a ƙarƙashin ƙafafunmu. Yatsana ya miƙe.

Riga ɗaya ce, kuma ba mai sa mata almakashi ina raye. To, tsakanin maƙeri da maharbi da makaho, wa zan tuɓe wa?