Ƙaramin Faifan da Injiniya Ya Sauya

Maigidana ya rasu, muryarsa da ya ajiye wa 'yarmu ma ta bi shi.

Aikin kwamfuta yake yi, kowa Injiniya yake ce masa. Mutumin kirki ne, sai dai ba ya son a ce masa ga yadda ake yi. Ni karatuna bai yi nisa ba, amma ya taɓa yi mini bayani cewa idan aka kunna kwamfuta, akwai wani ɗan ƙaramin faifai da take fara ɗorawa a ƙwaƙwalwarta. Shi ne yake buɗe babban faifan da komai yake ciki. Masu aikin suna da tsarin jera fayil da suka saba yi wa ƙaramin, wanda kowace kwamfuta take iya karantawa. Injiniya ya ce wannan na ragwaye ne. Ya ƙirƙiro nasa, wai ya fi sauri.

Ranar da ya sauya wa kwamfutar gidanmu tsarin, abokin aikinsa Dogo yana zaune a falo.

"Kashe ta ka kunna mu gani," in ji Dogo.

"Ni ne zan tsaya gwaji? Kai da ko rimot sai matarka ta saita maka?"

"Na ji. Amma don Allah ka ajiye tsohon a gefe."

"Tsohon na goge shi tun ɗazu. Sha shayinka."

Kwamfutar kuwa ba a kashe ta, tana kan batir a lungun ɗaki. Da ciwo ya kwantar da shi, a cikinta ya riƙa naɗar muryarsa don 'yarmu mai shekara huɗu. Akwai saƙon ranar shigarta makaranta, akwai na ranar da za ta gama, har da na duk ranar da ta yi kewarsa.

Wata biyu bayan rasuwarsa, wuta ta ɗauke, batirin ya ƙare. Da na sake kunnawa, sai baƙin allo da rubutu layi biyu. Dogo ya yi kwana uku yana zuwa yana fama da ita. A na huɗu ya cire tabarau ya ce, "Matar Injiniya, ki yi haƙuri. Manhajar da za ta karanta ƙaramin faifan, a cikinsa ya saka ta. Mabuɗin babban ma yana ciki, tsarin kuma shi kaɗai ya san shi. Da ya kashe ta sau ɗaya a ranar, da ya gani ya gyara."

Har yau yarinyar takan tsaya gaban allon ta ce, "Mama, yaushe Abba zai yi magana?"

Ba don in tona asirin mamaci na faɗi wannan ba. Duk ƙwarewarka, idan wasu za su dogara da aikinka, ka zaɓi hanyar da wani zai iya bi a bayanka. Ka gwada kafin ka goge tsoho, ka kuma saurari mai ba ka shawara. Ku taya ni roƙon Allah Ya gafarta masa, Ya raya mini 'yarmu, Ya sa kada ta manta muryar babanta. Amin.