Akwatin Tabawa Mai Saƙa Ruwa

Ga ta nan, ga ta nanku, masu kunnen zomo!

Ta zo mu ji ta, Iya!

Kai mai latsa waya, sa ta aljihu. Labarin kakanninta zan ba ku.

Wata mata ce wai ita Tabawa. Mijinta ya rasu, ya bar mata 'ya'ya da baƙin akwatin gem. A zamanin nan sai a jona akwati da talabijin, a hura kaset fu-fu, a cusa, yara su biya kuɗi su yi ta buga wasa. Da shi take ciyar da marayunta.

Ana nan, sai ga wani Barmo ya sauka garin da farin akwati, sabo fil. Rumfa ɗaya ce tak mai lantarki a kasuwar, kuma Tabawa ke ciki. Barmo ya ce shi ya fi dacewa da ita. Sai Sarkin Kasuwa ya ce, "A kunna su a gabana. Wanda hotonsa ya fi, rumfa tasa ce."

Sai Tabawa ta dubi akwatinta. Ta san launin hotonsa bai taka kara ya karya ba. Na Barmo kuwa, launinsa ya fi zannuwan 'yan biki yawa.

Gari ya taru. Aka shimfiɗa wa Sarkin Kasuwa buzu dab da talabijin, hancinsa kamar ya taɓa gilashi, don babba ba ya zama a baya. Tabawa ta durƙusa can ƙarshe, wajen da aka tuɓe takalma.

Sarkin Kasuwa ya ce, "A nuna mini gudu."

Barmo ya kunna. Sai ga barewa kyakkyawa. Amma da karnuka suka cika hoton, sai ta koma tafiyar mai ratsa laka. Aka kunna na Tabawa. Sai ƙadangare ya fita fit, itatuwa na wucewa ido bai iya bin su. Mutane suka ce, "Kai! Ikon Allah!"

Sarkin Kasuwa ya ce, "A nuna mini ƙasa."

Na Tabawa ya shimfiɗa gonaki kamar tabarma. Na Barmo kuwa, sai shaho ya tashi sama, ƙasa duka ta shiga juyawa, gonaki suna ƙanƙancewa suna girma. Wata tsohuwa ta rungume turken rumfa, wai jiri take ji. Ita kanta Tabawa sai da ta ce, "Tubarkalla!"

Sarkin Kasuwa ya ce, "Saura ruwa, shi zai raba gardama."

Barmo ya kunna. Sai ga tafki garai-garai, har kifi ana hangowa a ƙasa. Aka kunna na Tabawa. Sarkin Kasuwa ya murza ido ya ce, "Ni ban ga ruwa ba. Layi-layi nake gani, shuɗi da fari, kamar haƙoran mataji."

Barmo ya ƙyalƙyale da dariya.

Amma daga inda Tabawa take, ruwa ne ke kwararowa daga kan dutse, har dutsen ana gani ta bayansa. Sai ta tuna saƙin da mahaifinta ke yi da zare fari da baƙi. A hannu zare ne, daga nesa kuwa launin zabuwa. Ashe akwatin nata saƙa yake yi!

To wa ya isa ya tayar da babba daga buzunsa? Tsoro ya kama ta. Ta dubi marayunta, sai ta yi ta maza.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, alfarma nake nema. Ka dawo nan baya."

Sarkin Kasuwa ya waiwayo.

Ya ce, "Wajen takalma, Tabawa?"

Ta ce, "Wajen takalma, ranka ya daɗe. In ba ka ga ruwa ba, yau zan kwashe kayana."

Sai ya miƙe, ya dinga ja da baya. Layukan suka fara haɗewa. Yana isa wajen takalma, sai bakinsa ya buɗe. Ya koma gaba, layi. Ya dawo baya, ruwa. Ya sake komawa, ya sake dawowa, rawaninsa har yana warwarewa. Barmo ma ya biyo shi, ya tsaya, dariya ta ɗauke.

Sarkin Kasuwa ya ce, "Subhanallahi! Barmo, akwatinka yana da launin ruwa, ya zubo mana, madalla. Wannan ba shi da shi, ya saƙa abinsa. Na tsufa ban taɓa ganin an saƙa ruwa ba sai yau. Tabawa, zauna rumfarki."

Sai Tabawa ta rangaɗa guɗa, hawaye na bin kumatunta.

Ƙurunƙus kan kusu! Ba don ɓera ya ci wayar akwatin ba, da na kunna muku kun gani. Ku dai kada ku raina ɗan abin da ke hannunku, ku koyi sarrafa shi.