Matakala Ɗari Huɗu da Sittin da Uku

Akwai wani matashi mai suna Maazou, ɗan Damagaram, yana karatun injiniyan gine-gine a Villeurbanne, kusa da Lyon. Mutum ne mai shiru-shiru, amma idan aka ɓata masa ba ya mantawa.

Wanda ya ɓata masa kuwa Rachidou ne. A gidan su Rachidou Maazou ya zauna shekara uku lokacin yana lise, wato babbar sakandare, kuma mahaifiyar Rachidou, Hajiya Biba, a kwano ɗaya take zuba musu abinci. Da suka zo Faransa, Rachidou ya riga shi gama karatu, ya samu aiki a Paris, ya fara ɗaga kai.

Shi kuwa Maazou yana kai wa mutane abinci a kan keke don ya riƙe kansa. Wata rana Rachidou ya zo Lyon, ya hango shi ya zame a kan layin taram, jirgin ƙasa na cikin gari, cikin ruwan sama, abinci ya watse a titi. Bai je ya ɗaga shi ba. Bidiyo ya ɗauka, ya saka a zauren waya na ƙungiyar 'yan Nijar, ya rubuta a ƙasa: "Ga injiniyanmu yana auna ƙasa."

Mako guda ana dariya. Maazou bai yafe ba.

Bayan shekara biyu ƙungiyar ta shirya yawon buɗe ido zuwa Florence a Italiya. Aka ɗora wa Maazou shirin, saboda a kan kubbar babbar majami'ar garin ya yi bincikensa na jami'a. Ya san ta ciki da waje: matakala ɗari huɗu da sittin da uku, babu na'urar hawa, hanya ƙunci tsakanin bango biyu, wani wurin sai an sunkuya.

Ya kuma san wani sirri. Tun da Rachidou ya faɗa tsohuwar rijiya yana yaro, ba ya iya jure matsattsen wuri. Numfashinsa sarƙewa yake yi, jikinsa ya ɗauki rawa.

Maazou ya kira Rachidou a waya. Suka gaisa a taƙaice.

"Na sa sunanka cikin masu hawa kubba," in ji Maazou.

"Bon, yaya hanyar take? Ka san ni."

"Matakala kaɗan ce, kuma da faɗi. Minti biyar kana sama."

"To, dakor. Kai ne masanin."

Maazou ya ajiye waya yana murmushi. Ya riga ya ga Rachidou durƙushe a cikin duhu yana haki a gaban jama'a. Har ya zaɓi abin da zai rubuta a ƙasan bidiyon.

Saura kwana biyar tafiya, Rachidou ya kira.

"Ka ƙara tike ɗaya. Inna tana nan Paris, ta zo ganin likitan zuciya, ta samu sauƙi. Tunda ka ce ba wuya, ina so ta ga garin daga sama kafin ta koma gida."

Maazou ya tuna matakalan nan ɗari huɗu da sittin da uku. Ya buɗe baki zai faɗi gaskiya, sai dariyar nan ta dawo masa a kunne. Ya ce, "Ba matsala." A ransa ya ce idan sun je zai san yadda zai tsayar da ita a ƙasa.

Suka haɗu a Lyon, suka ɗauki mota zuwa Florence. Hajiya Biba ta kawo masa kilishi daga gida, ta riƙa tambayarsa ko yana cin abinci sosai, don ta ga ya rame.

A ƙofar hawa akwai allo mai gargaɗin masu ciwon zuciya da masu tsoron ƙunci. Maazou ya tsaya ya tare shi da bayansa. Hajiya ta ɗaga kai ta dubi tsawon ginin, ta juyo.

"Maazou, ɗana, zan iya kuwa?"

Rachidou ya ce, "Idan ba za ki iya ba, Inna, sai mu zauna a nan tare."

Nan Maazou ya gane idan ta tsaya, Rachidou ma ya tsira. Shekara biyu yana jiran wannan rana. Ya dube ta ya ce, "Za ki iya, Inna. Ba nisa."

Suka shiga. Maazou yana bayan Rachidou, waya a hannu. Bango ya fara matsewa. Rachidou ya jiƙe da zufa, yana dafa dutse. Maazou ya danna ɗaukar bidiyo.

Amma ba Rachidou ne ya faɗi ba. Hajiya Biba ce ta dafe ƙirji, ta sulale a kan matakala.

Rachidou, da yake numfashi da ƙyar, ya durƙusa ya goya mahaifiyarsa. Ma'aikatan wurin suka buɗe musu hanya, ya sauko da ita mataki-mataki yana kiran sunan Allah, har waje. Motar asibiti ta tafi da su.

Kwana tara ta yi a kwance kafin a mayar da ita Paris. Ta rayu, amma likita ya ce zuciyar ta ƙara rauni. Kafin nan kowa a ƙungiyar ya san gaskiya, domin waɗanda suke bayan Maazou sun ga wayar a hannunsa, kuma kowa ya san a kan ginin ya yi bincike.

Maazou ya hau jirgin ƙasa zuwa Paris. Rachidou ya buɗe masa ƙofa, ya ce, "Abin da na yi maka na san ban kyauta ba, kuma ban taɓa ba ka haƙuri ba. Da ni kaɗai ka yi wa, da na ce mun yi daidai."

Hajiya tana kishingiɗe a falo. Maazou ya durƙusa yana kuka yana neman gafara. Ta gyara zama ta dube shi.

"Na yafe maka, don ba na so in tafi da kowa a zuciyata," ta ce a hankali. "Amma na tambaye ka, ka dube ni cikin ido ka ce ba nisa. Daga yau ka kira ni Hajiya, kamar kowa."

Ya koma Lyon a ranar, bai iya cin komai ba a hanya.

Darasi: Mai neman ramuwa shi yake zaɓar wanda zai rama a kansa, amma ba shi yake zaɓar wanda zai faɗi ba. Idan an ɓata maka, ka je ka faɗa ko ka yafe. Idan kai ka ɓata, ka ba da haƙuri tun da wuri. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila akwai mai riƙe da wani a zuciya yau.