Atamfar da Ta Zuba a Ranar Taro

A wani gari an yi wani mutum mai tsoron Allah, wanda ya buɗe ɗan kanti a bakin kasuwa. Da sabulu da gishiri da kananzir ya fara. Allah ya sa albarka a aikin hannunsa, kantin ya yi ta girma, har ya zama babu kayan gida da za ka nema ka rasa a ciki: atamfa da yadi a gefe guda, kwanuka da tukwane a wani gefen, ga barguna, ga fitilu, ga takalman 'yan makaranta, har keken ɗinki. Kafin furfura ta rufe kansa yana da rassa a garuruwa bakwai, har da garinsu. Mutane ba su kula da sunan da aka rubuta a allon ƙofa ba. Kantin Dattijo kawai suke cewa.

Ba don araha ake zuwa wurinsa ba, gama a cikin kasuwa ana samun abin da ya fi nasa sauƙi. Ana zuwa ne domin abin da aka faɗa maka a kan kaya, haka yake. In an ce wannan bargo zai yi shekara goma, zai yi. In tukunya tana da aibi, ma'aikacin ne zai fara nuna maka. Mace tana ƙauye za ta aiki direban mota ya sayo mata turmi biyu a Kantin Dattijo, ta koma aikinta hankali kwance.

Da kwanakin dattijon suka cika, ya rasu, ɗansa Magaji ya gaji kantunan. Magaji ba mugun mutum ba ne. Ba ya fashin sujada, ya kuma fi mahaifinsa karatu nesa ba kusa ba. Abu ɗaya ne yake ci masa rai. Sababbin kantuna sun buɗe a garuruwan, masu ƙofofin gilashi da fitilu masu launi, in ya dubi nasa sai ya ga duk sun tsufa, ya ji kunya.

Ana nan, sai wani dillali ya zo masa da ƙyalle biyu na atamfa, zane iri ɗaya, ya shimfiɗa a kan tebur.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, taɓa ka ji. Wacce ce irin wadda kuke sayarwa?"

Magaji ya murza wannan, ya murza waccan, ya ɗaga su a haske. Bai iya bambancewa ba.

Dillalin ya yi murmushi ya ce, "Ta hannun hagunka rabin kuɗin ɗayar ce. Kai da ka tashi a cikin atamfa ba ka gane ba, wa zai gane?"

Magaji ya ce, "Tana zuba?"

Ya ce, "Kaɗan. Za a ce laifin sabulu ne."

Magaji ya sallame shi, ya yi kwana uku yana juya maganar a ransa. A ƙarshe ya ce wa kansa, "Ai sunan gidan nan mutane suke saye. Sunan kuwa yana nan, ba inda zai je." Sai ya aika aka kira dillalin.

Wata ya wuce, ba abin da ya faru. Shekara ta zagayo, ba abin da ya faru. Can ba a rasa ba, wata takan zo ta ce zanenta ya koɗe da wuri, a ce mata ko ta bar shi a rana ne, ta tafi tana zargin kanta. Da Magaji ya ga haka sai zuciyarsa ta yi ƙarfi. Abin da ya yi da atamfa ya yi da barguna, ya yi da takalma, ya yi da tukwane. Ya sa aka yi wa rassan nan bakwai sabon fenti, aka sa musu gilashi. Masu wucewa suka riƙa cewa yaron nan ya fi ubansa iya kasuwanci, shi ma ya gaskata.

A shekara ta uku, zumuntar mata ta dukan yankin ta shirya babban taro na cikarta shekara hamsin. Shugabarsu wata dattijuwa ce, Mama Afiniki, wadda ta san mahaifin Magaji tun yana sayar da gishiri. Ita da kanta ta zo kantin.

Ta ce, "Ɗana, anko muke so, na mata dubu biyu. Shuɗi mai farin fure. An kawo mana tayi daga wurare uku, na ce ko dubawa ba zan yi ba. Tun ina amarya, a gidan nan nake saye." Ta yi dariya ta ƙara da cewa, "Kai dai ba sai na tambaye ka ko tana zuba ba."

Magaji ya san zai iya cewa, "Mama, ba ni wata guda in kawo miki ta gaske." Maganar ta zo har bakinsa. Amma sito cike yake da ta dillalin, mata dubu biyu kuma ba ƙaramin ciniki ba ne. Sai shi ma ya yi dariya, ya ce, "Mama, kada ki damu."

Mata suka yi ta zuwa rassan nan bakwai suna karɓa. Wata ta sayar da kazarta, wata ta rage gyaɗar da ta ajiye don shuka, domin kada a yi taro ba ta cikin anko. Teloli suka yi makonni suna ɗinki.

Ranar taro ta zo, a farkon damina. Aka gayyaci Magaji a matsayin babban baƙo, aka ba shi kujera a cikin rumfa kusa da fastoci. Mata suka taso daga majami'a zuwa fili a jere, layi bayan layi, suna waƙa, ana buga tulu da caki, fararen ɗankwalaye a kansu. Fili ya cika da shuɗi har iyakar ganin ido. Magaji ya duba, ya ji daɗi a ransa.

Sai hadari ya taso daga gabas. Kafin a ankara ruwa ya sauko. Matan ba su watse ba, sai ma suka ƙara murya suna guɗa, gama ruwan farko albarka ne. Amma ba a jima ba fararen furannin nan suka fara rinewa. Shuɗi ya bi hannuwa, ya bi ƙafafu, ya shiga takalma. Ya ɓata littattafan waƙa, ya ɓata jariran da aka goya. Waƙar ta fara mutuwa daga layin gaba, tana bi baya, har fili ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar ruwa a kan rumfa.

Mama Afiniki tana tsaye a gaba. Ta buɗe tafin hannuwanta ta duba, sa'an nan ta ɗaga kai ta dubi rumfa. Magaji ya sunkuyar da kai.

Da aka tashi, mata dubu biyu suka koma garuruwansu da ƙauyukansu, kowacce da zanenta a hannu. Mutane suka fara tuna bargon da ya yage tun sanyi bai wuce ba, da takalmin da ya buɗe baki a zango ɗaya. Magaji ya karya farashi, ba a zo ba. Ya sa aka yi ta shela a rediyo, ba a zo ba. Har allon ƙofa ya sake, ya rubuta sabon suna, mutane suka ce ai gidan nan ne dai. Rassan suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Wani aka mai da shi wurin ajiye hatsi, wani awaki suke kwanciya a barandarsa. Ma'aikatan da suka yi shekara talatin suna faɗa wa mutane gaskiya a kan kaya suka koma gida ba aiki.

Sai da reshe na shida ya rufe, Magaji ya tafi gidan Mama Afiniki. Ya same ta a tsakar gida tana tsince wake. Ya durƙusa ya ce, "Mama, na zo neman gafara. Ranar da kika zo, na sani."

Ta ce, "Na san ka sani. Na ga fuskarka a rumfa. Kowa mamaki yake yi, kai tsoro kake ji." Ta ajiye faifan. "Ni na tsaya a gaban matan nan na ce su rufe ido su saya. Ba zannuwansu kaɗai ka ɓata ba, ɗana, har maganata."

Magaji ya yi kuka.

Ta ce, "Tashi. Na yafe maka, gama ni ma an yafe mini da yawa. Amma kada ka ce in sake tsayawa in yi maka shaida, ba zan iya ba tukuna. Gafara yau nake ba ka. Yarda kuwa, sai ka yi mata aiki."

Ranar Lahadi Magaji ya miƙe a gaban ikilisiya ya faɗi abin da ya yi, bai ɗora wa dillali ba, bai ɗora wa ruwan sama ba. Ya riƙe kanti ɗayan da ya rage, ya koma sayar da kayan gaske. Bai sake samun rassa bakwai ba har tsufansa. Amma ya ci abincinsa da kwanciyar rai, yana kuma iya duban kowa a ido.

To, ga ma'anar wannan misali. Kantin nan rayuwarka ce, kayan da ke ciki kuwa ayyukanka ne. Sunan da ke bisa ƙofa shi ne sunan Ubangiji da ake kiranka da shi, da kuma sunan kirki da iyayenka suka bar maka. Ba kai ka gina shi ba, gadonsa ka yi. Dillalin shi ne Mai Jaraba. Ba ya cewa ka bar zuwa sujada. Abin da yake cewa kawai shi ne, "Sauya abin da ke ciki, bar sunan a waje, wa zai gane?"

Kada shirun shekara uku ya ruɗe ka. Ba a kama ka ba, ba shi ne ba a gan ka ba. Allah yana jinkiri ne domin ka sami zarafin tuba. Ku lura kuma, ba ruwan sama ne ya ɓata atamfar ba. Tun tana sito a ɓace take, ruwa bayyana ta kawai ya yi. Haka ranar gwaji take ga kowa, ko mai awo ne a kasuwa, ko tela, ko ɗalibin da ke kwafar amsa, ko miji da ke da fuska ɗaya a majami'a, wata a gida. In ranar ta zo, ba kai kaɗai za ka sha kunya ba. Wadda ta tsaya ta yi maka shaida za ta sha, waɗanda suke ci a ƙarƙashinka ma za su sha.

Amma ba domin ku karai na kawo muku wannan ba. Ubangiji mai jinƙai ne, ba ya korar wanda ya durƙusa da gaskiya. Magaji ya jira har rassa shida suka rufe. Kai ba sai ka jira ba. In akwai abin da ka sauya a ɓoye, ka san shi, tun ina magana ya zo maka a rai. Je ka gyara shi a makon nan, ka faɗa wa wanda ya kamata ka faɗa wa, Allah kuwa zai ba ka ƙarfin yi.