Wurin da Anselmo Ke Makara

Akwai wani dattijo a garin Jerez mai suna Anselmo, direban bas ne da ya ajiye aiki. Matarsa Remedios ta yi suna a unguwa wajen waƙa, amma tun rasuwar yayanta, wanda shi ke kaɗa mata jita, ta ja bakinta ta yi gum. Shirun gidan yana cin ran Anselmo ƙwarai.

Sai ya sauko da jitar marigayin daga saman kwaba. Kullum da safe yana kicin: ya hau sautuka ɗaya bayan ɗaya ya sauko, sannan ya koyi danne tsirkiyoyi tare yana sauya kamu. Yatsun da suka tsufa a kan sitiyari kuwa, sai a hankali.

Maƙwabcinsa Fulgencio ba ya raga masa. "Kai tsoho, yaushe wannan ƙwanƙwasar za ta zama kiɗa? Kyanwata ma ta yi ƙaura!"

"In ta dawo ka gaishe ta," in ji Anselmo.

Wata safiya yana laluben wata tsohuwar waƙar matarsa, sai ya makara wajen sauya kamu. Remedios na zuba man zaitun a gasasshen burodi, ta juyo a fusace.

"Haba Anselmo! Ba haka ba ne. Saurara!"

Ta rera baitin. Sai da ta kai ƙarshe ta lura da abin da ta yi, idonta ya cika da ƙwalla.

Washegari ya sake makara a wurin, ta sake rerawa. Sannu a hankali baiti ɗaya ya zama waƙa sukutum.

Watanni suka shuɗe. Fulgencio ya same shi a tsakar gida rungume da jita. "Har yanzu wuri ɗaya kake tuntuɓe? Anya kan nan naka na ja?"

Anselmo ya waiga, ya kaɗa wurin tsaf ba gargada, sannan ya rage murya. "Na iya tun bazara. Tsorona, ranar da na daina kuskure ita ma ta daina waƙa."

Sai ga muryar Remedios daga taga: "Kurma ka mayar da ni? Ai tun bazarar na gano ka. Shigo kofinka na hucewa, kuma yau ka kaɗa mini daidai!"

Darasi: Ɗan abin da kake yi kullum da haƙuri don wanda kake ƙauna ba ya faɗuwa ƙasa banza, ko da ana yi maka dariya. Ku tura wa wanda ke shirin gajiya.