Kujerar da ke Gefen Nazifi

Ku kife wayoyin nan tukuna, ba gudu za su yi ba. Kai Mudassir, har da kai, ina ganin yatsanka yana motsi a ƙarƙashin riga. Labarin irinku ne masu kallon allo, kuma in na gama ba mai tashi sai an yanke mini hukunci.

An yi wani yaro a wata makarantar sakandare, sunansa Nazifi Haladu. Yana ajin da ake koyon aikin talabijin da bidiyon waƙa, yadda ake ɗauka da yadda ake yankawa a haɗa. Mu a zamaninmu wa ya san kallo ma karatu ne?

Yaron nan bai taɓa ganin fuskar ubansa ba. Uban makaɗin kukuma ne, mota ta kife da su a hanyar dawowa daga wani biki tun Nazifi yana ciki. Uwar ta yaye shi ta yi aure can nesa, ta bar shi a hannun kakarsa ta wajen uba, Iya Barira. Hoton uban ɗaya da ya rage ruwa ya cinye shi shekarar da rufin ɗakinsu ya rufta. Ga shi Haladu ɗan fari ne a wurin Iya Barira, kuma ita mutuniyar da ce, alkunya ba ta barin ta kama sunansa, yana raye balle ya mutu. In Nazifi ya tambaye ta kamannin ubansa, sai ta ce ya tashi ya duba ko awaki sun sha ruwa.

Makarantar tana da wata al'ada. Ranar ba da kyaututtuka, duk ɗalibin da za a kira sai a ajiye kujera kusa da tasa, ta wani nasa da zai raka shi gaba. Nazifi yana da kai, kowace shekara ana kiransa, kowace shekara kujerar nan fayau. Iya Barira yanar ido ta rufe mata gani, ƙafafu kuma sun daina kai ta ko bakin layi. Sai ya riƙa ɗora jakarsa a kan kujerar, wai a zaci mai wurin ya ɗan fita ne. Wallahi in na tuna jakar nan sai raina ya sosu.

A shekararsu ta ƙarshe malamarsu ta ce su kasu rukuni-rukuni, kowane rukuni ya samo waƙar da aka ɗauka a talabijin tun da can, ya kwatanta ta da bidiyon yanzu. Kowa ya ja abokinsa, aka bar Nazifi a tsaye shi kaɗai. Ba ƙinsa suke yi ba, mantawa suke yi yana ajin. Malama ce ta tura shi cikin wasu uku, Tasi'u da Murja da Jafaru, ba wanda ya ce masa zo, ba kuma wanda ya ce masa tafi.

To, Tasi'u yaro ne mai taurin kan tsiya. Sauran suka ce a sauke wata tsohuwar waƙa daga intanet a huta, ya ce abin da kowa zai kawo ke nan, shi ba zai yi ba. Kawunsa ya taɓa yin shagon hayar kaset, kuma buhunan kaset ɗin suna jibge a wani ɗakin ajiya. Ya shiga ya tono wanda aka naɗo daga wani tsohon shirin makaɗa. Kaset ɗin duk ya yi funfuna, zaren ya manne, ya kuma tsinke a tsakiya. Kawun ma cewa ya yi a jefar. Tasi'u ya kwance shi, ya bi zaren nan da auduga kaɗan-kaɗan har yatsunsa suka saɓule, ya haɗa inda ya tsinke da salatef. Tsohuwar na'urar bidiyon ta ƙi juyawa, ya yanko roba daga tayar keke ya sa mata. Abokansa suna filin ƙwallo, shi yana ɗakin nan da ɓeraye, har hoto ya fito ya kwashe shi a kwamfutar makaranta.

Ita kuwa Murja idonta ne jarinta. Malama tana da wata doka, duk bidiyon da za a yi nazarinsa sai a kashe sauti tukuna, don kada daɗin waƙa ya ɗauke hankali daga aikin mai kyamara. Yawancinsu da an kashe sauti sai hamma. Murja ce kaɗai take bi da gaske, tana tsayar da hoto tana matsarwa. A kaset ɗin nan nasu, mai kyamarar ya kafe a kan mawaƙin, babbar riga da hula, bai damu da na bayansa ba. Sai ta hango wani a can gefen hoto, rabin jikinsa ma a waje, yana goga kukuma da hannun hagu, ya kwantar da kai a kafaɗa, ya cije leɓen ƙasa. Ta juya ta dubi Nazifi a kujerarsa ta baya, ga shi yana rubutu da hagu, kai a kafaɗa, leɓe a cije. Ashe duk shekarun nan akwai mai lura da shi bai sani ba. Ta yi ta bin hoton har inda mawaƙin ya sunkuya ya gyara takalminsa, fuskar mutumin ta fito sarai, ƙiftawar ido kawai. Ta tsayar, ta kira shi.

Nazifi ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce a hankali, “Mutane suna kama da juna ai.” Tsoro yake ji ya yarda, a zo daga baya a ce ba shi ba ne, ya yi rashin uba sau biyu. Mai iya tabbatarwa mutum ɗaya ce a duniya, ga shi ba ta gani.

Nan Jafaru ya shigo. Shi ne ɗan rashin ji na ajin, kullum da abin jin sauti a kunne, dokar kashe sautin nan bai taɓa bin ta ba, an kore shi waje a kanta har an gaji. Shi ya ce a ƙarshen waƙar yana jin kamar wani daga baya ya karɓi baiti shi kaɗai, amma ƙugin tsohon kaset da kiɗan kalangu sun danne shi. Ya zauna a kan kwamfutar nan yana rage wannan yana ɗaga wancan, har kunnensa ya riƙa yi masa kuka ko ya cire abin. Ya tsamo muryar, siririya, da ɗan sarƙewa a ƙarshenta. Nazifi ya ƙi kai wa kakarsa, ya ce ba zai tayar mata da hankali ba. Jafaru bai saurare shi ba, ya bi shi har gida bayan la'asar, ya yi sallama, ya durƙusa ya gai da tsohuwa, ya ajiye waya a gefen tabarma ya kunna.

Tana ɓarar gyaɗa ne. Hannunta ya tsaya. Ta ce a sake, aka sake. Ta lalubo wayar ta kara a kunne da hannu biyu.

Ta ce, “Haladu.”

Ran nan Nazifi ya fara jin sunan ubansa a bakinta. Ta jawo shi ta shafa fuskarsa tun daga goshi har haɓa, ta ce, “Har yadda yake sarƙewa in ya ja baiti. Shi ne, ɗan nan. Ubanka ne.” Suka yi kukansu, Jafaru ya sulale ya fita zaure ya ba su wuri.

Aikinsu ya zo na ɗaya, aka kuma ce Nazifi ne zai fito ya karɓa, za a haska fuskar nan a bango gaban kowa. Ranarsa ce ta ƙarshe a makarantar, kujerar kuma ɗaya ce kamar kullum. Ya roƙi Iya Barira ko a keke napep a kai ta, ta ce ƙafar ba za ta iya ba. Ta ce, “Amma bana kada ka ɗora jaka. Wanda ya dawo mana da shi, shi zai zauna a wurina.” Ashe ta sani. Bai taɓa gaya mata zancen jakar ba, maƙwabta ne suke kawo mata.

Ba ɗaya daga cikin ukun da ya nemi kujerar, shi ya sa abin ya yi masa nauyi. Da Tasi'u bai nace ba, da kaset ɗin yana bola. Da Murja ba ta san yadda Nazifi yake kwantar da kai ba, da an kalli mawaƙi an ba su maki an wuce. Jafaru kuma, ban da kunnensa da karambaninsa na bin mutum har gida, da har yau fuskar nan ta wani baƙo ce mai kama da shi.

Ga Nazifi can a zaune, an fara kiran sunaye, jakarsa a kan cinyarsa, su ukun suna tsaye a bayan rumfa cikin sauran ɗalibai. To, ku gaya mini, Tasi'u ko Murja ko Jafaru, wa ya kamata ya ɗaga wa hannu ya zo ya zauna a kujerar nan?