Ƙullutun Ƙirjin Kawu Ɗanjuma

Ku matso kusa, yau da shari'a na zo muku.

Kawu Ɗanjuma na fama da ciwon daji. Da jijiyoyin hannunsa suka gaji da allura, likitoci suka dasa masa wani ɗan abu kamar murfin kwalba a ƙarƙashin fatar ƙirji, ta nan ake ɗura magani. Aka gargaɗe shi: ma'aikaciyar jinya kaɗai ke taɓa wurin, da allurarsa ta musamman.

Sai ya tafi ƙauye biki da 'ya'yansa mata uku.

Barira, babbar, ita ta lura yana karkarwa cikin rana tsaka. Ta ɗaga rigarsa, ta ga wurin ya kumbura, ya yi zafi. Kawu ya ce, da muryar nan tasa ta tsohon direba, "Sauro ne, 'yar nan, sakar min riga." Ba ta saki ba, ta tara gida.

Tara gidan ne ya jawo Gwaggo Asabe, yayarsa. Ta leƙa, ta taɓe baki: "Maruru ne ya nuna. Ku kira min wanzami." Wanzami ya iso da aska. Zulai, ta tsakiya, wadda ko kaza ba ta iya kora, ta zauna daram a bakin ƙofa, ta ce, "Gwaggo, sai dai ya fara tsaga ni." Wanzami ya tattara kayansa.

Saura asibiti, Kawu kuwa ya rantse ba inda za shi kafin a ci tuwon biki. Auta Lantana ta zari makullin motarsa, wadda ko goge ta ba ya bari a yi, ta tayar, ta ce, "Baba, wanne ne birkin ma?" Don ya ceci motarsa, ko takalmi bai saka ba ya faɗa ciki. Ta kulle ƙofofi ta ja mota, yayyenta na zaune a baya. Ashe ta daɗe da iya tuƙi.

A asibiti, ma'aikaciyar jinya ta wanke hannu, ta sa safar hannu, ta goge fatar, ta ɗebi jini. Ƙwayoyin cuta sun shiga, amma an zo da wuri. Aka ba shi gado, aka ce mai jinya ɗaya tak za ta zauna.

Kowacce cikin 'ya'yan ta riƙe ƙarfen gadon. Aka ce Kawu ya zaɓa. Nan take ya hau minsharin ƙarya, ido ɗaya a buɗe.

To, ku da ba ku iya minshari ba, wacce a cikinsu ta fi cancantar kujerar gefen gadon nan?